Kamarar da ba ta gani da dare asara ce: abin da na koya a gonata a Sakaba



Ina da kajin ƙwai da tamfol biyu na tarwada a bayan gari, a nan ƙaramar hukumar Sakaba ta masarautar Zuru. Akwai lokacin da lissafina ya daina fita. Ƙwai na raguwa, buhun abinci na ƙarewa kafin lokacinsa, kifin da na zuba ba shi nake kwashewa ba. Har na fara zargin yaron da ke kwana a gonar, kuma wallahi wannan zargin ya fi asarar ci mini rai, don ba ni da hujja.

Sai na sayo kamara. A shago an gwada mini ita da rana tsaka, hoto tas, har ƙwayar idon mutum kana gani. Na ɗaura ta, dare ya yi, na duba waya: farin hazo kawai da wani abu mai kama da inuwa yana wucewa. Kuɗi sun tafi, ɓarawo bai ko san da ita ba. Daga nan na zauna na koyi abin, ga shi kuma ina ba ku a kyauta.

Da farko, kamarar dare iri biyu ce. Akwai mai hasken infared, wanda za ka ga an rubuta IR a kwali. Tana haska wuri da hasken da idon mutum ba ya gani, hotonta fari da baƙi ne. Idan an rubuta 850nm, fitilunta na yin ɗan ja-ja kamar garwashi, kuma tana hango nesa. Idan 940nm ne, ba a ganin komai a jikinta, amma ba ta kai waccan nisa ba. Sai kuma mai nuna launi da dare, irin ColorVu ta Hikvision ko Full-color ta Dahua. Ita tana tattara ɗan hasken da ke wurin, idan duhu ya yi yawa ta kunna farar fitila. Amfaninta shi ne za ka san launin riga da launin babur.

To wacce za ka saya? Ya danganta da inda za ka sa ta. A cikin ɗakin kaji, mai IR kawai. Kajin ƙwai na son haske kamar awa 16 a rana, sauran su huta cikin duhu. Farar fitila da ke kunnuwa tana mutuwa cikin dare na firgita su, su hau kan juna, ƙwai ya ragu. Mai launi kuwa a kai ta ƙofar shiga da ɗakin ajiyar abinci, inda kake son gane fuska.

Na biyu, kada lambar megafiksel ta ruɗe ka. Mai shago zai ce maka wannan 8 ce, ta fi 4. Da rana gaskiyarsa. Da dare kuwa girman idon da ke cikin kamarar ne ke aiki. Duba kwali: 1/1.8 ya fi 1/2.8 girma, ya fi shan haske. Haka lambar F, ƙarama ta fi: F1.0 ta fi F2.0 buɗewa. Mai megafiksel 4 da babban ido takan doke mai 8 da ƙaramin ido idan duhu ya yi. Shi ma nisan da aka rubuta, mita 30 ko 50, nisan ganin gilmawa ne. Gane fuska sai mutum ya matso sosai.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne wannan: a kashe fitila, ka sa wani ya wuce da sauri a gabanta. Kamara mai rauni tana nuna bango da kyau, amma duk abin da ke motsi sai ya zama kamar hayaƙi. Ɓarawo kuma ba ya tsayawa a ɗauke shi hoto.

Na uku, wuta. Mu nan kowa ya san ba a jingina da wutar gwamnati, gonaki da yawa ma babu waya. Kamara ɗaya takan ci wat 5 zuwa 10 da dare. Ka ɗauka kamara 4 da na'urar ajiye hoto suna cin wat 40, a awa 12 ka ga 480 ke nan. Batir mai 12V 100Ah na ɗauke da 1,200, kuma ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, don haka zai kai ka asuba idan sola ta cika shi. A watan Agusta da hadari ke rufe rana sai ka ƙara faranti. Mai ƙaramin jari zai iya farawa da kamara mai solarta a jiki, mai cin layin waya. Amma ka je gonar da wayarka tukuna ka ga wane layi ne ke kamawa, don sabis a ƙauyukanmu yana zuwa yana tafiya. Ka tabbata tana da memori a ciki, ko babu sabis ta ci gaba da ajiyewa. Ka sani kuma irin wannan barci take yi, sai ta ji ɗumin jiki ta farka. Za ta kama mutum da muzuru, amma maciji mai shan ƙwai zai iya wucewa ba ta ji shi ba.

Na huɗu, wurin ɗaurawa. Kamar mita 3 daga ƙasa ya isa. Idan ta yi sama da yawa, saman hula kawai za ka gani. Kada ta kalli bango na kusa, ragar waya ko fuskar ruwan tamfol, haskenta zai dawo ya makantar da ita. Kuskurena na farko ke nan: na sa ta a bayan raga. A wurin kifi, saita ta kan hanyar da ake bi a zo ruwan. Nemi mai IP66 ko IP67 saboda ruwan sama da ƙurar hunturu. Kuma duk mako ka goge gilashin, don ƙwari na bin hasken, gizo-gizo na binsu, yanarsa ɗaya sai ta rufe maka hoto.

Me na gani bayan na gyara? Gafiya ce ke fasa buhu, ita ke jan ƙwai. Kifi kuma wani ne ke tsallako katanga da koma wajen ƙarfe uku na dare, daidai lokacin da barci ya ɗauke yaron. Ban fita na tare shi ba. Na kai hoton wurin mai unguwa, aka kira shi, magana ta mutu. Yaron da na zarga kuwa, na kira shi na nemi yafiyarsa.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne mafi nauyi. Duk ɗan ƙasar Zuru ya san halin tsaro da muka sha, daga Sakaba har Danko-Wasagu. Kamara maganin ƙaramin ɓarawo ce da dabba, ba ta tare mai bindiga. Idan ka ga baƙin fuska da makami a waya, kada ka nufi gona don kaji, sanar da jami'an tsaro da mutanen gari. A gonar da ke nesa da gari ma na fi son mai IR, don farar fitila tana nuna wa na nesa cewa akwai dukiya a wurin. Na'urar ajiye hoto kuma a ɓoye ta, kada a tafi da ita tare da shaidar.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya sa albarka a kiwo, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.