Tafkin Chadi da sauyin yanayi

A 1963 faɗin Tafkin Chadi ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Zuwa tsakiyar shekarun 1980, bayan farin da ya addabi Sahel, abin da ya rage bai kai ko kashi ɗaya cikin goma ba. Masunta a Baga, waɗanda bandarsu ke cika kasuwanni har Onitsha, suka riƙa bin ruwa yana ja da baya, manoma kuma suka shuka masara da wake a inda dā ake jefa koma.

Ba zafin duniya kaɗai ya jawo haka ba. Noman rani ma ya sha ruwan kogunan Chari da Komadugu Yobe. Tafkin ya ɗan farfaɗo daga baya, amma damina ta daina cika alkawari: wata shekara fari, wata ambaliya, kamar wadda ta mamaye Maiduguri a Satumban 2024.

Abin takaicin, Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Asusun biyan asarar sauyin yanayi kuwa, wanda aka amince da shi a taron yanayi na COP27 a Masar, kuɗin da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba.