Yadda Ake Haɗa Fitilar “Obasanjo Ya Kasa” a Gida

Fitilar nan da ake wa laƙabi da “Obasanjo ya kasa” ta bazu a Arewacin Najeriya ne a zamanin mulkin Olusegun Obasanjo, tsakanin 1999 da 2007, lokacin da ɗauke wuta ya zama ruwan dare. Ba kamfani ke ƙera ta ba. Matasa ne ke haɗa ta da guntayen katako da tsohon faifan CD da ƙananan ƙwayayen LED, masu shayi da masu tsire kuma suka karɓe ta hannu bibbiyu, don ba ta hayaƙi irin na aci-balbal, iska ma ba ta kashe ta.

Ƙwan da ya sa hakan ta yiwu bai daɗe a duniya ba. A 1993 ne Shuji Nakamura, injiniya a kamfanin Nichia na Japan, ya fito da shuɗin LED mai ƙarfin haske, wanda ake lulluɓewa da wani sinadari rawaya ya ba da farin haske. Wannan aiki ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2014, tare da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano.

Ana fara aikin ne da akwatin batir. A yanka falanki da zarto daidai tsawon manyan batura uku a jere, a haɗa da ƙananan ƙusoshi, sai a kafa guntun gwangwani a kowane ƙarshe don ya taɓa kan batir da gindinsa. Idan akwatin ya yi sako-sako, hasken zai riƙa ƙyaftawa da zarar an taɓa tebur. Faifan kuwa, ana huda shi da ƙusar da aka ɗora a wuta, a zura ƙafafun ƙwayayen ta gefen da ke sheƙi, domin shi ne ke maido da hasken gaba. Kowane ƙwai ƙafa biyu gare shi. Doguwar tana zuwa wajen kan batir, gajeriyar wajen gindi, in aka juya su ba zai kama ba. A haɗa ƙafafun da akwatin batir da wayoyi, a liƙe wayoyin da dalma, a sa makunni a kan ɗaya daga cikinsu.

Inda akasarin masu haɗawa ke yin sakaci shi ne lissafin wuta. Batir ɗaya yana ba da bolt 1.5, uku sun zama 4.5, alhali farin LED kusan bolt 3 yake buƙata. Rarar nan ita ke sa sabuwar fitila ta yi haske kamar me, ba da jimawa ba ƙwayayen su dushe, su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Maganin ɗan ƙaramin abu ne mai zane-zanen launi da masu gyaran rediyo ke kira rasisto. Mai ohm 100 a ƙafar kowane ƙwai ya wadatar, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Yanzu wasu suna maye gurbin baturan da na litiyam samfurin 18650, wanda ake cirowa daga tsohon batirin kwamfuta. Yana ba da bolt 3.7 kuma ana cajinsa, amma ba abin wasan yara ba ne: in aka huda shi ko wayoyinsa suka haɗu, yana iya kamawa da wuta. Mai koyo ya fara da batir na gama-gari, kada ya taɓa na litiyam sai da allon caji mai kariya.