Wasan golf: Abin da ya sa ƙota mai tauri kan rikita ɗan wasa bayan awo

Manomin Daddara, a kan hanyar Katsina zuwa Jibiya, ya san abin da ke biyo bayan sauya ƙotar fartanya. Ruwan fartanyar yana nan yadda yake, gonar ma ita ce ta jiya, amma a kwanakin farko sara kan kauce, tafin hannu ya yi bororo, kafaɗa ta yi tsami. Duk da haka ba ya yar da fartanyar, domin ya san hannu ne bai saba ba.

Kwatankwacin wannan ne ke samun 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati da suka rungumi wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, a filayen Kano, Zariya, Kaduna, Jos da Abuja. Mutum kan je wurin ƙwararre a auna ƙarfin bugunsa, a zaɓa masa sanduna masu ƙota mai tauri, ya biya kuɗi mai tsoka tunda kaya ne da ake shigowa da su da dala. Da ya shiga fili sai ya tarar wasansa ya ja baya. Wasu kan mayar da sandunan kasuwa a kan asara tun kafin mako biyu.

Aikin da ƙota ke yi

Sandar golf kashi uku ce: mariƙi, da ƙota, da kan da ke dukan ƙwallo. Yayin da ɗan wasa ya ɗaga sanda ya sauko da ita, ƙotar kan lanƙwasa kaɗan sannan ta miƙe. Wannan lanƙwasa na da tasiri a kan yadda fuskar sandar za ta tarar da ƙwallo, da tsayin da ƙwallon zai yi a sama.

Kamfanoni kan rubuta harafi a jikin ƙota don nuna taurinta: L da A su ne mafi laushi, R matsakaiciya, S mai tauri, X kuma mai tauri ƙwarai. A ƙiyasin da aka saba bi, wanda kan babbar sandarsa ke gudun mil 85 zuwa 95 a sa'a ya fi dacewa da R, mai mil 95 zuwa 105 da S, wanda ya haura haka kuma da X. Ƙwararrun gasar PGA ta Amurka kan wuce mil 110. Sai dai babu ma'auni guda da ya ɗaure kamfanonin, don haka S ɗin wani kamfani na iya zama daidai da R ɗin wani.

Ba yau aka fara ba

A da, da itacen hikori ake yin ƙota. Hukumar golf ta Amurka ta halatta ƙotar ƙarfe a 1924, takwararta ta St Andrews a Sukotlan ta biyo baya a 1929. Bobby Jones ya lashe manyan gasanni huɗu a 1930 da ƙotar itace, amma waɗanda suka biyo bayansa dole ta sa suka sake salo. Byron Nelson ya yi suna ne da rage wasa da wuyan hannu, ya mayar da aikin ga ƙafafu da ƙugu, domin ƙarfe ba ya murɗewa kamar itace. Ƙotar girafait mara nauyi ta bazu a shekarun 1970.

A Katsina ma, inda wasan folo ya kafu tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, kuma Sarki Usman Nagogo ya shahara a kansa, mahaya sun san sanda mai tauri da mai lanƙwasa ba bugu ɗaya suke buƙata ba.

Inda matsalar take

Wanda ya shekara biyar da ƙota mai laushi, jikinsa ya haddace lokacin da take miƙewa, har ya koyi jiran ta ba tare da ya sani ba. Sabuwar ƙota ba ta ba shi wannan alama. Sau da yawa kuma ta fi tsohuwar nauyi: ƙotar ƙarfe mai tauri na iya kai giram 130, alhali ta girafait da ake sa wa irin waɗannan sanduna kan tsaya tsakanin giram 60 zuwa 90.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙara ƙarfi. Ɗan wasa ya ji sandar kamar taɓarya, sai ya damƙe mariƙi, ya sauko da gaggawa. Sakamakon shi ne ƙwallo ya tafi ƙasa-ƙasa, ya karkata dama ga mai bugu da hannun dama. Alhali da bugunsa na yau da kullum aka auna shi, kuma wannan bugun ƙotar ke nema.

Yanayin Arewa ma na da nasa rabon. Da rani ƙasa kan bushe ta yi tauri, duk saran da ya sami ƙasa kafin ƙwallo, girgizarsa kan hau ƙotar ƙarfe har gwiwar hannu. Amma a lokacin hunturu akwai riba, domin ƙwallon da bai tashi sama sosai ba, iska ba ta cika kwashe shi ba.

Yadda ake sabawa

Hanya mafi sauƙi ita ce farawa da gajerun sanduna da rabin bugu, a ƙara a hankali har a kai babbar sanda. Ya kamata a sassauta riƙo, a bar saurin yadda yake. Kada nisan bugu ɗaya mai kyau ya zama ma'auni. A buga ƙwallo goma da sanda ɗaya, a duba yadda suka taru ko suka watse, domin babban amfanin ƙota mai tauri shi ne rage watsewa. Haɗa tsofaffin sanduna da sababbi a jaka ɗaya kuwa tsawaita ruɗani ne. Makonni kaɗan na atisaye a kai a kai sun fi zagaye ɗaya na gasa bayyana gaskiya.

Idan laifin na ƙota ne

Wani lokaci awon ne ya kauce. Mutum kan zage ƙarfinsa a gaban na'urar awo irin su TrackMan don kada a raina shi, sai a rubuta masa saurin da ba zai iya riƙewa har rami na 18 ba. Mai sayen sandunan gwanjo kuma ya lura: ƙotar da aka datse ta gajarta takan ƙara tauri, harafin jikinta bai sauya ba.

Idan bayan wata guda ƙwallo na ci gaba da kwanciya, nisa ya ragu, ko gwiwar hannu na ciwo, sai a koma wa wanda ya yi awon da bayanin abin da aka gani a fili, ciwon kuma a kai shi ga likita. Ana iya cire ƙota a sa wata ba tare da sayen sabon kai ba, kuma hakan ya fi arha nesa ba kusa ba. Komawa daga S zuwa R ba abin kunya ba ne, tunda a takardar maki yawan bugu ake rubutawa.