Hoton Ƙwaƙwalwa: Tambayar da Gidanmu Ya Kasa Amsawa

A daminar 2022, ana tsakiyar maimai, aka wayi gari a gidanmu da ke wani ƙauye a ƙasar Dambatta, kawuna bai fito alwala ba, alhali mutum ne da ya saba riga ladan farkawa. Da aka shiga ɗakinsa sai aka tarar bakinsa ya karkace, hannu da ƙafar dama sun saki, yana son magana harshe ya ƙi. Kafin a yi tofi, a yi shawara, a nemo mota, a bugo mini waya a Kano, hantsi ya dubi ludayi. Asibitin farko ba shi da na'urar ɗaukar hoton kai, na biyu kuma tasa ta lalace. A na uku ne wani matashin likita ya dube ni ya ce, "Alhaji, da ƙarfe nawa abin ya same shi?" Na dubi 'ya'yansa, suka dube ni. Iyakar saninmu shi ne ya kwanta lafiya lau bayan isha'i.

Daga baya na fahimci nauyin wannan tambaya. Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce: ko gudan jini ya toshe jijiyar da ke ciyar da ƙwaƙwalwa, ko kuwa jijiyar ta fashe. Akwai allurar da ke narkar da gudan jinin, amma a bisa ƙa'ida cikin sa'o'i huɗu da rabi na farko ake yin ta, kuma idan aka yi wa wanda jijiyarsa ta fashe, an ƙara masa bala'i. Saboda haka likita yana bukatar sanin irin cutar da kuma lokacinta, mu kuwa ko ɗaya ba mu zo masa da shi ba.

Abin da ya ƙara tsaya mini a rai shi ne na gano cewa akwai hanyar da ƙwaƙwalwar kanta za ta ba da amsar. Wani nau'in hoton MRI ne da ke auna yadda ƙwayoyin ruwa ke yawo a cikin tsokar ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gonar gero ana ruwa ya ga misalinsa: ruwa yana bin kwarin kunya a guje, amma da ƙyar yake tsallake kunyar. Haka ruwan ƙwaƙwalwa yake bin tsawon zaren jijiyoyi. Idan jini ya yanke wa wani sashe, ƙwayoyin halittar wurin sai su kumbura su takura ruwan, kuma cikin mintuna kaɗan wurin zai fito fari fat a hoton, tun lokacin da hoton CT ke iya nuna kamar babu komai.

Ba mutum ɗaya ne ya gina wannan ilmi ba, kuma ba ƙasa ɗaya ba. Denis Le Bihan na Faransa ya nuna yadda za a ɗauki irin wannan hoto a tsakiyar shekarun 1980. A 1990 Michael Moseley da abokan aikinsa a San Francisco suka gano amfaninsa wajen kama shanyewar jiki da wuri, a gwajin da suka yi da kyanwoyi. A 1994 Peter Basser, tare da James Mattiello da Le Bihan, suka fito da lissafin da ke nuna alkiblar da ruwan ke bi, wanda da shi ake zana hanyoyin jijiyoyi a kwamfuta. Wato na'urar tana tattaro awo ne kawai, lissafi ne ke mayar da shi hoto mai ma'ana. Sannan a 2018 aka wallafa sakamakon binciken WAKE-UP, wanda aka jagoranta daga Hambog ta Jamus a ƙasashe takwas na Turai, kan majinyata 503 waɗanda ba a san lokacin da cutar ta same su ba, kamar dai kawuna. Idan tabon ya fito a hoton yawon ruwa amma bai riga ya fito a wani hoton da ake kira FLAIR ba, alama ce cutar sabuwa ce, kuma allurar tana iya amfani.

To, mu ina muke a wannan tafiya? Wani ƙidaya da Farfesa Godwin Ogbole na Ibadan da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ya samu na'urorin MRI 84 kacal a Afirka ta Yamma, ga mutane fiye da miliyan 370. Nijeriya ke da 58 a lokacin, kuma 45 daga cikinsu masu raunin maganaɗisu ne. Irin waɗannan sun fi araha, sun fi jure matsalar lantarki, amma hotonsu dishi-dishi ne, kuma awon yawon ruwa yana wahala a kansu.

A nan ne haɗin gwiwar masu lissafi ya shigo. Farfesa Daniel Alexander da tawagarsa a University College ta Landan sun ƙirƙiro dabarar koya wa kwamfuta kamannin hoto mai kyau, domin ta gyara mai rauni. A kan hoton yawon ruwa suka fara gwada ta, suka wallafa a 2017. Daga baya suka haɗa kai da likitocin Asibitin Koyarwa na Ibadan, suka gwada ta a kan hotunan yara masu farfaɗiya da aka ɗauka da na'ura mai ƙarfin tesla 0.36, alhali manyan asibitocin Turai da 1.5 ko 3 suke aiki. Wannan aiki ne abin yabo, kuma ina fata ya iso Kano.

Sai dai ina da fargaba guda. Kwamfuta abin da aka nuna mata take koya. Ɗaya daga cikin manyan rumbunan hotunan da ake koyar da ita da su, wato Human Connectome Project, hotunan matasan Amurka ne lafiyayyu kimanin 1,200, 'yan shekara 22 zuwa 35. Babu manomin da ya shekara ashirin da hawan jini bai sani ba a cikinsu, babu yaro mai sikila, babu wanda zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa. Na'urar da ba ta san tabonmu ba tana iya share shi da sunan gyara, ko ta zana abin da babu. Su kansu masu binciken sun san da haka. Maganinsa shi ne hotunanmu su shiga cikin abin da ake koyarwa da shi, da izinin masu su kamar yadda Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta tanada, kuma malaman lissafi da na kwamfuta na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello su zauna a teburin da ake rubuta dabarun. Ba na son mu tsaya a matsayin masu kawo majinyata, wasu su kwashe ilmin.

Ba kuwa sabon abu ba ne a gare mu. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Zariya suna cikin binciken SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi da Farfesa Bruce Ovbiagele suka jagoranta a Nijeriya da Gana. A 2018 suka wallafa nazarin majinyata 2,118 da aka tabbatar da cutarsu da hoto, aka kwatanta su da lafiyayyu, sai aka ga hawan jini ne ya yi wa sauran dalilai fintinkau. Haka kuma likitocin Kano da na Jami'ar Vanderbilt sun nuna cewa maganin hydroxyurea yana iya kare yara masu sikila daga shanyewar jiki, bayan an tantance su da ƙaramar na'urar auna gudun jinin kai.

Kawu dai bai samu allurar ba. Ya rayu, yana jan ƙafa, kuma babban ɗansa ne ke riƙe da gonar yanzu. Shi kuwa yakan zauna gindin darbejiyar ƙofar gida yana nuna wa jikoki inda ba su cire ciyawa da kyau ba. Bayan an sallame shi na sayi na'urar awon jini na kai ƙauye, na roƙi wani ma'aikacin lafiya ɗan garinmu ya riƙa auna dattawa duk Juma'a bayan an sauko masallaci. Ranar farko ƙanin kawu ya ƙi miƙa hannunsa, ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ai jiya ma ya yi huɗa. Sai da kawu ya daka masa harara, ya nuna nasa hannun da ya shanye, sannan ya naɗe hannun rigarsa.