Filin Manoma: Dusa Ba Ta Dabba Kaɗai Ba Ce

A ƙasar Bagudo, daga fadamun Kwara har su Illo da Lolo da Tsamiya a bakin iyakar Benin, ana noma gero da dawa a tudu, shinkafa kuwa a fadama. In aka kai hatsi gida sai a surfa, a bakace, a zuba wa akuya dusar. Wani ma yakan sayar da geronsa ya sayi farar shinkafar inji, don ita ce ta 'yan birni. To, masana sun ce da hasara a nan.

Ga yadda abin yake. In mutum ya ci tuwo, tumbi da ƙaramin hanji su ke narkar da garin, jini ya kwashe. Amma ɓawon da ke jikin ƙwayar hatsi ya fi ƙarfinsu, sai ya wuce babban hanji. A can akwai waɗansu halittu ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu, ana kiransu bakteriya. Ba duka ke kawo cuta ba. Waɗannan sai su tsima dusar, kamar yadda ƙullu ke yin tsami in ya kwana. Daga nan su fitar da wani ruwa mai tsami, wanda bangon hanji ke samun yawancin ƙarfinsa daga gare shi. Bayan gida ya yi laushi, ya fita ba wahala. Tusa ma daga wannan aiki take, ba abin tsoro ba ne. Haka saniya ke cin moriyar ciyawa, sai dai ita a tumbi ake tsima mata.

A wani bincike da aka buga a shekarar 2010, waɗansu likitocin Italiya sun gwada yaran wani ƙauye na Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake, da yaran birnin Fulorans. Sai aka tarar yaran ƙauyen sun fi irin bakteriyan nan masu cin dusa, sun kuma fi yawan ruwan tsamin. A wani binciken kuma da aka buga a 2015, an yi musayar abinci tsakanin Baƙaƙen Amurka 20 da mutanen karkara 20 na Afirka ta Kudu. Mako biyu kacal hanjinsu ya sake hali: na waɗanda suka koma abinci mai dusa ya gyaru, na masu cin mai da nama ya soma nuna alamun lahani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya sami aƙalla giram 25 na irin wannan abinci kowace rana, gama yana rage haɗarin ciwon sukari da na zuciya da dajin hanji.

Saboda haka a sassauta surfe, kada a ce sai tsaba ta yi fari fat. Wani lokaci a wanke gero a niƙa da dusarsa. A haɗa shinkafa da wake, a yawaita miyar kuka da kuɓewa da zogale. Amma a lura, ƙaiƙayin shinkafa ba abinci ba ne, hatsin da ya yi fumfuna kuwa kada a ci dusarsa, don dafin fumfuna ya fi taruwa a can. Wanda bai saba ba ya fara kaɗan kaɗan, ya riƙa shan ruwa.

Allah ya ba da damina mai albarka, amin.