KAFSO JA-DA-YALO: GARIN NEMAN GIRA A RASA IDO

'Yan mata, yau zancen namu ne, don haka a gyara zama. Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakaninmu, tun daga 'yan makarantar kwana har zuwa amare, wato afa kafso ba tare da an ga likita ba. Da zarar yarinya ta gama al'ada sai ta aiki ƙanenta kemis ya sayo mata ja-da-yalo guda biyu, wai za ta wanke ciki. Wata kuwa ciwon mara ne zai murɗe ta, sai ƙawarta ta buɗe akwati ta miƙo mata ja-da-baƙi. Mura kafso, ƙurajen fuska kafso, kai har ciwon kai ma kafso.

To wai shin mene ne wannan kafson? Likitoci na kiran irinsa antibayotik, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya. Ja-da-yalo galibi tetarasaikilin ne, ja-da-baƙi kuwa amfisilin, sannan Flagyl da Septrin da Ampiclox duk 'yan gida ɗaya ne ta wannan fuska. Wani masani mai suna Alexander Fleming shi ya gano kakansu, wato fenisilin, a birnin Landan cikin shekarar 1928, kuma tun daga nan sun ceci rayukan da ba sa ƙirguwa. Amma fa aikinsu ɗaya ne tak, kashe bakteriya. Ciwon mara na al'ada matsewar mahaifa ce ke kawo shi lokacin da take fitar da jini, mura kuwa bairos ke haddasa ta, kafso bai san hanyar gidansu ba. Jinin al'ada kuma ba ya barin wani datti a ciki da sai an wanke. Kin ga ke nan an sha a banza, saura illa.

ƘAIƘAYIN DA AKE GUDU

Babbar illar da ta fi shafar mu mata ita ce wannan. A gaban kowace mace mai lafiya akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani, ana ce musu laktobasilus. Su ne masu gadin wurin, domin suna sa shi ya kasance da ɗan tsami, wanda ke hana miyagun ƙwayoyi yaɗuwa. Shi kuwa kafso ba ya tantance na gida da baƙo, idan ya shiga jiki kan mai uwa da wabi yake yi. Da masu gadin nan sun ragu, sai wani nau'in fangas mai suna kandida ya samu fili ya yi ta hayayyafa. Daga nan sai ƙaiƙayi da zafi da farin ruwa mai kauri kamar kindirmo.

Abin takaicin shi ne, da yarinya ta ga haka sai ta ce ai sanyi ne ya kama ta, ta sake rugawa kemis ta ƙaro kafso, alhali shi ne ya janyo mata. Kandida ba ya jin kafso, maganinsa daban ne, akwai na matsi da na shafawa. Idan kuma sanyin na gaske ne, guda biyu ko ukun da ake afawa ba za su kashe shi ba, sai dai su lafar da shi, ya lallaɓa ya hau zuwa mahaifa da bututun ƙwai. In ya toshe su, to ana iya yin aure a yi shekaru ana neman haihuwa, ana zargin kishiya ko dangin miji, ba a san tun a makaranta aka shuka abin ba.

Irin wannan ɓarnar yake yi a hanji, shi ya sa mutane da yawa kan yi gudawa ko tashin zuciya in suna shan sa. Flagyl ma har ɗanɗanon ƙarfe yake bari a baki.

HAƘORI, FATA DA JINI

Ke mai ciki, da ke mai rainon ƙanne, ku saurara. Ja-da-yalo yana shiga cikin haƙorin da bai gama ginuwa ba ya rina shi ya koma ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa, kuma babu asuwaki ko man goge baki da zai fitar da shi har girma. Saboda haka ne likitoci suka hana mai ciki da yaron da bai kai shekara 8 ba shan sa. Amma sai ki ga an fasa shi an zuba wa jariri a koko wai zawon haƙori yake yi, alhali ruwan gishiri da sukari yake bukata.

Septrin kuwa akwai waɗanda jininsu bai haɗu da shi ba, sai ƙuraje su feso musu, leɓe da ido su yi gyambo, fata ta saɓule kamar wanda ya ƙone da ruwan zafi. Fenisilin da danginsa, irin su amfisilin da Ampiclox, suna iya sa wa wani borin jini, fuska ta kumbura, numfashi ya sarƙe cikin 'yan mintoci. Kuloramfenikol da wasu ke saye da kansu don taifot yakan taɓa ɓargo ya hana shi yin jini, allurar jentamaisin kuma in aka yi ta barkatai tana lalata ƙoda ta kawo kurumta. Ba kowa abin ke samu ba, amma wa ya gaya miki ba ke ba ce?

RANAR DA MAGANI ZAI ƘI CI

Duk lokacin da kika afa biyu kika ajiye, raunanan ƙwayoyin ne suka mutu, masu taurin kan sun rage, kuma su za su hayayyafa. Shi kansa Fleming ya yi wannan gargaɗi a shekarar 1945 lokacin da ya karɓi lambar yabo ta Nobel. Wani babban bincike ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai, mutum kusan miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma shi ne abin ya fi yi wa ɓarna in aka kwatanta da yawan jama'a. Ki tuna akwai ranar haihuwa ko tiyata, ranar da za ki bukaci maganin nan ya yi aiki da gaske.

To ina mafita? Ciwon mara a gasa shi da tsumma mai ɗumi, a sha farasitamol, in ya yi tsanani a je asibiti. Ƙaiƙayi ko ruwa mai wari kuwa kada kunya ta hana ki faɗa wa Mama ko metiron ta makaranta, a kai ki a yi gwaji. Idan likita ne ya rubuta miki, ki sha a kan lokaci har adadin kwanakin da ya ce, kada ki raba da ƙawa, kada ki ajiye saura don gaba. Ki gaya masa in kina da ciki, ko kina shayarwa, ko wani magani ya taɓa yi miki bori. In kuma kina cikin sha kika ga ƙuraje, ko kumburin fuska, ko wahalar numfashi, ko gudawa da jini, ki dakata ki garzaya asibiti a take.

'Yar'uwa, wata mai zuwa in ƙawarki ta miƙo miki ja-da-yalo, ki ce mata kin gode, sannan ki ba ta wannan shafi ta karanta. Allah ya ƙara mana lafiya.