Gargaɗi ga Jama'ar Ketare da Kewaye: Kada a Hau Kwale-kwalen Mai Maye

Wannan kira ne na gaggawa ga jama'ar Ketare, Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, musamman masu fito, masunta, iyayen yara da matasa masu tafiya ci-rani bakin manyan koguna. Idan damina ta kankama, rafuka sukan kawo, madatsun ruwa irin su Mairuwa da Zobe sukan cika. Duk wanda ya sha abin da ke gusar da hankali, kada ya tuƙa kwale-kwale, kada a hau nasa, kada kuma a ɗauke shi fasinja.

Kada wani ya ce ai mu nan ba a shan giya. Maye ba a kwalba kaɗai yake ba. Tiramol, kodin, wiwi da sholisho duk suna cikin wannan gargaɗi, har da ƙwayar da wasu ke haɗiya da sunan maganin gajiya kafin su fara aiki.

Mun ga abin da ruwa ke yi. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin da ya taso daga Badau zuwa Bagwai a jihar Kano ya kife a madatsar Watari, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. A watan Mayun 2022, cikin shagalin ƙaramar Sallah, wani kwale-kwale ya kife a ƙaramar hukumar Mai'aduwa, aka rasa yara fiye da goma. Lodin da ya wuce ƙima aka fi ɗora wa alhakin irin waɗannan haɗurra. To, idan jirgi zai kife a hannun mai cikakken hankali, ina ga wanda idonsa ya juye?

Giya tana taɓa sashen cikin kunne da ke daidaita tsayuwar mutum, tana rage saurin yanke shawara, tana kuma sa shi ganin zai iya abin da ba zai iya ba. Ga zafin rana, ga kaɗawar ruwa, sai mayen ya ƙara nauyi. Kodin yana kawo gyangyaɗi. Tiramol idan ya yi yawa yana jawo jijjiga kamar ta farfaɗiya, kuma wanda ta kama a tsakiyar ruwa ba ya iya ko ɗaga kai. Mai maye da ya faɗa ruwa yakan kasa gane sama da ƙasa, ko da gwanin iyo ne. Fasinja ma haka: ya miƙe tsaye ba dalili, ya dafa gefe, kwale-kwalen ya karkata, mata su yi kururuwa, kowa ya ruga ɗaya gefen, shi ke nan. Ko a Amurka, inda kayan ceto suka wadata, giya ce kan gaba cikin sanannun musabbaban mutuwa a haɗurran ƙananan jiragen ruwa.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Jihar Katsina ta koma aiki da shari'ar Musulunci tun 2000, kuma haddin shan giya a mazhabar Malikiyya bulala 80 ne. Gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, hukumar NDLEA kuma tana kama masu safara da masu shan miyagun ƙwayoyi. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta wajabta sanya rigar kariya daga nutsewa, ta hana lodi fiye da ƙima da tafiyar dare. Wanda sakacinsa ya halaka rai zai amsa a kotu, kafin ya amsa a gaban Allah.

Saboda haka, a kiyaye waɗannan:

1. Kafin ku shiga, ku gaisa da mai fito, ku dubi idonsa, ku saurari maganarsa. Idan ido ya kaɗa ya yi ja, harshe na sarƙewa, ƙafa na tangaɗi, ku haƙura da kuɗin fiton ku jira wani.

2. Iyaye, kada a saki yara su tafi yawon ruwa ranar Sallah, biki ko Mauludi ba tare da babba mai hankali ba.

3. Sarakunan ruwa da masu jirage, kada ku miƙa filafili ko inji ga yaron da kuka san yana shaye-shaye, ko da ɗanku ne.

4. Kowa ya zauna inda aka zaunar da shi har a kai gaci. Da magariba ta gabato, a ɗaure jirgi.

5. Idan wani ya faɗa ruwa, a jefa masa igiya, gora ko jarkar da ba komai a cikinta, wadda aka toshe bakinta. Wanda bai ƙware a ceto ba kada ya bi shi. Idan an fito da shi ba ya numfashi, a hura masa iska a baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa, kada a ɓata lokaci wajen matse masa ciki. Ko ya farfaɗo, a kai shi asibiti mafi kusa.

6. Wanda ya ga mai maye yana ɗaukar mutane, ya sanar da mai unguwa, dagaci, Hisba ko 'yan sanda nan take. Wannan ba tonon asiri ba ne, ceton rai ne.

Muna roƙon limamai su faɗi wannan a huɗubar Juma'a, malaman Islamiyya su gaya wa ɗalibai, sankira ya shelanta a kasuwa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye mu, ya jiƙan waɗanda suka rasu.